Darasi na 9: Idan Bature Ya Ce Ana Ruwan Kyanwa da Kare

Bari mu fara da gida. Idan aka ce malam ya ja wa ɗalibi kunne, ba lallai ne hannu ya taɓa kunnen ba, gargaɗi aka yi masa. Idan aka ce wance ta fasa ƙwai, ba mai neman tsintsiya, asiri ta tona. Irin wannan salon magana, wanda ma'anarsa ba ta cikin kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, shi Turawa ke kira idiom. Suna da shi birjik, kuma a nan mai koyo ya fi yin tuntuɓe, don yakan buɗe ƙamus ya bi kalma-kalma, ya tashi da shirme. Dabarar ita ce a nemo ɗan'uwan maganar a Hausa.

Wanda ya fi suna shi ne it's raining cats and dogs. Babu kyanwa, babu kare: ana ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Mutanen Ingila na yau ma ba su cika faɗinsa ba, ya fi zama a littattafan makaranta. A san shi dai.

Ga waɗanda za ku fi ji. Ka kai wa tela ɗinki, ya duba ya ce a piece of cake. Ba kek yake roƙo ba, yana nufin abin kamar shan ruwa ne. Spill the beans kuwa shi ne fasa ƙwanmu, su wake suke zubarwa. Abin da ya yi ɗan karen tsada sai su ce it costs an arm and a leg, wato sai ka sayar da hannu da ƙafa. Mai fama da mura ko ciwon kai yakan ce I'm under the weather; ba a faɗinsa ga ciwo mai tsanani.

Once in a blue moon na nufin jefi-jefi, sai an daɗe. Wata yakan cika duk bayan kwana 29 da rabi, don haka a kalandar Turawa, mai kwana 30 ko 31, wani lokaci yakan cika sau biyu a wata guda. Na biyun suke kira shuɗin wata, kuma sai bayan shekara 2 zuwa 3 ake ganinsa. A lissafin Hijira hakan ba ya faruwa, tunda watan ake bi.

Yanzu a buɗe kunne. Kick the bucket ma'anarsa mutuwa, amma da ba'a a ciki, kamar ka ce wane ya sheƙa barzahu. Kada a kuskura a kai shi wurin ta'aziyya, ko a rubuta wa wanda ya yi rashi. Can ana cewa he passed away, wanda ya yi daidai da "ya riga mu gidan gaskiya".

Kuma ba a musanya kalmomin. Wanda ya ce a piece of bread, gutsuren burodi kawai ya ambata.

Aikin gida: kowa ya rubuto salon magana 3 na Hausa da ya ji a gida ko a kasuwa cikin makon nan. Sannan a cike wannan gurbin: Hajiya ta tambayi kuɗin firji ta fasa saye, ta ce, "It costs an ____ and a ____."