Idan tashoshi sun ɗauke a ɗakunan otal: bin sawun maltikas a rauta

Masu kula da na'urorin otal a Gombe sun san wannan: intanet na tafiya lafiya lau, amma talabijin na wani bene ya yi baƙi ƙirin. A irin wannan tsari, tashoshin na zuwa ne ta maltikas, wato aika bidiyo ɗaya ga talabijin da yawa a lokaci guda ta hanyar sadarwar otal ɗin. A rautar Cisco (na'urar da ke miƙa bayanai tsakanin sassan hanyar sadarwa), bi sawunsa haka.

1. Tabbatar an kunna ip multicast-routing. In babu shi, sauran duk wahalar banza ce.

2. Buga show ip igmp groups. Adireshin tashar, tsakanin 224.0.0.0 da 239.255.255.255, ya kamata ya fito. Bai fito ba? Koma kan suwic (na'urar da wayoyin ɗakuna ke haɗuwa a kanta) ko akwatin talabijin.

3. Da show ip pim neighbor ka ga ko rautocin suna ganin juna ta PIM, tsarin da suke miƙa wa juna maltikas da shi.

4. Nan ne aka fi shan wuya. Rauta ba ta karɓar maltikas sai ta ƙofar (interface) da ita kanta za ta bi zuwa tushen bidiyon. Ya shigo ta wata ƙofa, ta watsar da shi shiru. Buga show ip rpf da adireshin tushen. In ƙofar da ta nuna ba ta da PIM, kunna shi. Wannan kan faru bayan an ƙara sabon layi.

5. Duba TTL a tushen, wato lambar da ke raguwa da ɗaya a kowace rauta da bidiyon ya bi. In 1 ne, bidiyon ba zai tsallake rautar farko ba, ɗaga shi.