Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a lissafin fakta da ninki

Kuskuren da ya fi yawa yana farawa ne daga dabarar duba lambar ƙarshe. Yaro ya koyi cewa duk adadin da ya ƙare da 0 ko 5 yana rabuwa da 5, wanda ya ƙare da 2, 4, 6, 8 ko 0 kuma yana rabuwa da 2. Sai ya ɗauki dabarar ya kai ta inda ba ta aiki, ya ce 23 yana rabuwa da 3 don ya ƙare da 3, ko 14 yana rabuwa da 4. Ko kusa! Dabarar ta yi wa 2 da 5 da 10 aiki ne saboda goma kanta tana rabuwa da su, don haka gidan gomomi da na ɗaruruwa ba su da ta cewa.

Na 3 da 9 daban yake. In ka raba 10 ko 100 ko 1,000 da 9, ragowar 1 ce kullum, shi ya sa ake tara lambobin. Ɗauki 51: 5 da 1 shida ne, ke nan yana rabuwa da 3, sau 17. Yara da yawa suna rantsewa 51 ba ya rabuwa da komai. Haka 91, alhali 7 sau 13 ne. Na 4 kuwa lambobi biyu na ƙarshe ake dubawa: 1,316 ya ƙare da 16, don haka ya rabu. Ni a ganina gara a ɓata darasi guda a nuna wa yaro dalilin, da a sa shi hadda.

Sai rikita fakta da ninki. Faktocin 12 su ne masu raba shi ba ragowa: 1, 2, 3, 4, 6, 12, sun ƙare. Ninkinsa 12, 24, 36, ba iyaka. Ana yawan manta 1 da adadin kansa. A riƙa rubuta faktoci bibbiyu, misali na 36: 1 da 36, 2 da 18, 3 da 12, 4 da 9, har a tsaya a 6 da 6.

Wurin da maki ke zubewa sosai shi ne LCM, wato ninki mafi ƙanƙanta da adadi biyu suka yi tarayya a kai, da HCF, wato fakta mafi girma da ke raba su duka biyun. An ce ɗalibi ya nemo LCM na 12 da 18, ya ninka su ya sami 216, ya ce ya gama. Amsar LCM 36 ce. HCF kuma 6: buhun shinkafa 12 da na gero 18, gida shida ne mafi yawa da za su raba daidai, kowane gida shinkafa biyu gero uku. Don tabbatarwa, ninka amsoshin biyu. 6 sau 36 ya ba da 216, daidai da 12 sau 18. In ba su yi daidai ba, a koma a duba aikin daga farko.