Yadda za ka ci moriyar shekarar bautar ƙasa kafin alawus ya tsaya

Ƙannena masu shirin tafiya bautar ƙasa, abin da ke kayar da da yawa shi ne sai ranar da aka miƙa musu satifiket sannan suke fara tambayar to yanzu sai me. Alhali yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya riga ya cinye maka lokaci, na 2022 kaɗai wata 8 aka yi a gida, ga bankuna da wasu kamfanoni suna sa iyakar shekaru a tallan aiki, don haka wannan wata 12 ɗin ba na hutu ba ne.

Tun daga sansani za ka fara. A sati 3 ɗin nan akwai laccar SAED ta koyon sana'a, wadda yawancin masu bautar ƙasa barci suke shara a ciki, kai dai ka daure ka zaɓi abu ɗaya, ka karɓi lambar mai koyarwar.

Idan aka tura ka makaranta kada ka ɓata rai, ni a ganina ma ta fi wani ofishin da za ka wuni kana gadin tebur, don ana tashi da azahar, yammacinka naka ne. To wannan yammacin shi ne jarin. Ka nemi maigida a wata sana'a, haɗa sola ko gyaran waya ko ɗinki ko kiwon kaji, ka je masa a matsayin yaro, ka ajiye digirin a gida, in ya aike ka sayo abu ka tafi, in ya yi faɗa ka ce a yi haƙuri maigida, domin da haka ne zai sake da kai har ya nuna maka inda yake saro kaya da yadda yake yanka farashi, abin da ba a koyarwa a aji. Wanda ke Kano ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ya ga masu gyaran waya.

Sai maganar kuɗi. Alawus yanzu naira 77,000 ne, ranar da ya shigo ka cire wani abu ka zuba a adashi ko wani asusun da ba ka yawo da katinsa. A gida fa za a ɗauka ka zama ma'aikaci, buƙatu za su yi ta zuwa, ka zauna da Baba da Umma ka faɗa musu jari kake tarawa, yawanci albarka za su sa maka.

Mata masu aure kuwa, da shaidar aure ana iya mayar da ke jihar da maigidanki yake.

Kada ka yi wasa da kiliyarans, wato tantancewar wata-wata, da ranar CDS ta hidimar al'umma, ana ƙara wa mutum wa'adi a kansu. Idan ya rage wata 3 ka gyara CV, ka roƙi shugaban wurin aikinka takardar yabo tun yana ganin fuskarka kullum, in kuma sana'ar ta fara kawo ciniki ka yi wa sunanta rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.