Zaɓen Filen Don Ƙera Jita: Inda Masu Farawa Suka Fi Tafka Kuskure

Kafintan da ya saba da ƙofa da gado da kujera, idan filen ɗinsa ya ci milimita ɗaya fiye da kima, ba wanda zai sani, fenti zai rufe masa asiri. Jita ba ta da wannan sassaucin. Allon fuskar jita mai tsirkiyar ƙarfe, bayan an gama shafe shi, kaurinsa milimita 2.5 zuwa 3 ne kacal, gefunan da ake lanƙwasawa da zafi kuwa wajen milimita 2. Kuma wannan siririn allon shi ne muryar jitar, kamar yadda fata take a jikin gurmi ko molo. Antonio de Torres, maƙerin jitar nan na Sifen, a 1862 ya ƙera wata da baya da gefunan kwali, domin ya nuna cewa fuskar ce ke magana. To allon da ke ɗauke da wannan nauyi, shi za ka ɗora wa filen, wato ƙarfen nan na hannu da ake shafe katako da shi. Shi ya sa zaɓen ya cancanci a zauna a kansa.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa tun kafin a taɓa katako: mutum ya ga hotunan shagunan masu ƙera jita, filen jere a bango kamar kayan ɗakin amarya, sai ya ɗauka sai ya mallaki duka zai fara. Lambobin da ake ji, lamba 4, lamba 5, lamba 7, na kamfanin Stanley ne na Amurka, wanda ya sayi fasahar Leonard Bailey a 1869, daga baya Record na Sheffield a Ingila da wasu suka bi tsarin. A cikin waɗannan ukun, lambar tsawo take nunawa, ba daraja ba. Lamba 4 ya ɗan haura inci 9, lamba 5 inci 14, lamba 7 inci 22. Da yawa sukan fara da lamba 7, don sun ji an ce shi ne na miƙar da baki. Gaskiya ne, amma ya haura kilo uku, kuma tsawonsa ya kusa kai na allon fuskar baki ɗaya. Ka ɗora shi kan allo mai kaurin biskit don rage kauri, ba za ka ji abin da ke faruwa a ƙarƙashin hannunka ba. Lamba 4 shi kaɗai kuma gajere ne, yana bin tudu da kwari maimakon ya daidaita su.

Ni a wurina, in kuɗin filen ɗaya kake da shi, sayi lamba 5. Zai rage kaurin allo, zai miƙar da bakin haɗi, zai gyara katakon wuya. In ka sami na biyu, ƙaramin nan na hannu ɗaya ne, irin lamba 60½, wanda rezarsa ke kwance a digiri 12. Da shi za ka sassaƙe sandunan da ake manna wa fuskar ta ciki, ka gyara haɗin kan jita da wuya, ka daidaita bakin gefuna kafin a rufe akwatin. Na uku ba filen ba ne ma: ɗan faranti ne na ƙarfe mai tauri da ake kankare katako da shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ƙananan nan na tagulla masu girman ɗan yatsa, irin na Ibex, abin sha'awa ne, amma kurfi mai kaifi yana yin aikinsu. Su jira jita ta uku.

Sai kuskuren da ya fi cin kuɗi a banza: a ɗora wa filen laifin da na reza ne. Mutum ya tura, katako ya ɓantare, sai ya ce filen ɗin ne ba shi da kyau, ya fara tara kuɗin filen mai tsada na kamfanin Lie-Nielsen ko Veritas. Waɗannan kaya ne masu kyau ƙwarai, ba musu. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tsohon Record mai kaifin aska ya fi sabon Lie-Nielsen dakusasshe. Rezar sabon filen mai araha, yadda ta fito daga kwali, ba a shirye take ba, dutsen masana'anta ne kawai ya bi ta kanta. Dole ka shafe bayanta a dutsen washi har inci ɗaya na kusa da baki ya yi sumul, sannan ka wasa gaban a digiri 25, ka ƙarasa ɗan bakin a digiri 30. Kada ka yarda da gwajin aske gashin hannu kaɗai. Ɗauki guntun katako mai taushi, ka yanki kansa, inda jijiyoyin suka ƙare. In ya fito fes yana sheƙi, reza ta yi. In ya fito fari-fari a murƙushe, koma kan dutse. Katako mai taushi ya fi mai tauri tona asirin reza, domin shi ba ya tsayawa a yanke shi, lotsewa yake. Katakon fuskar jita kuwa, sufurus irin na Sitka da ake sarowa daga gaɓar Alaska da yammacin Kanada, ko sida, duk masu taushi ne. Saboda haka cikin kuɗin filen, ware na dutsen washi tun farko.

Wani abu da ke kashe kaifi ba tare da an lura ba: a fara bin allo da samfefa sannan a dawo da filen. Ƙwayoyin yashin suna maƙalewa a jikin katako, reza ta bi ta kansu ta dakushe nan take. Filen da farko, samfefa a ƙarshe.

Mai sayen na hannu a kasuwa, ga inda ake cutuwa. Tsatsar sama ba komai ba ce, tana fita. Abin dubawa shi ne tsaga a jikin ƙarfen, musamman gefen bakin da reza ke leƙowa. Zubin ƙarfe ne, in ya taɓa faɗuwa ya tsage, bar shi ko da kyauta ne. Ka cire rezar ka duba bayanta, in tsatsa ta ci ramuka kusa da baki, za ka sha washi ba ka sami kaifi ba. Sannan tafin filen. Ba lallai ya daidaita ko'ina ba, amma gaba, da daf da baki, da baya, dole su zauna a layi ɗaya. Gyaransa a gida: manna samfefa a kan gilashi mai kauri, ka zana layuka da alƙalamin maka a tafin, ka goga har layukan su ɓace a wuraren nan uku. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a kwance filen a goge ƙarfen tsurarsa. A'a, bar reza a ɗaure a ciki, ka dai janye ta kada ta taɓa samfefar, domin ɗaurin yana ɗan sauya zaman ƙarfen.

Yanzu haɗin tsakiya, inda filen ke cin jarrabawa ko ya faɗi. Fuskar jita ba allo ɗaya ba ce. Gunduwa ɗaya ake tsagawa biyu, a buɗe kamar littafi, a haɗa a tsakiya da gam. Bakin da gam zai kama bai fi kaurin milimita 4 ko 5 ba, kuma zai zauna ƙarƙashin jan tsirkiya shekara da shekaru. Mai farawa yakan danne allon a tsaye ya hau bakinsa da filen kamar bakin ƙofa, filen na rawa hagu da dama. Ba haka ake yi ba. Ninke alluna biyun yadda suka fito, ka kwantar da su kan wani allo mai ɗan tudu, ka kwantar da filen a gefensa ya riƙa zamewa a kan tebur yana aske bakunan biyu tare. Amfanin haɗa su shi ne, ko reza ta ɗan karkace, in ka buɗe su karkatar ɗaya tana cike ta ɗayan. Ɓawon da zai fito ya zama siriri har kana ganin haske ta cikinsa. Daga nan ka haɗa bakunan, ka ɗaga su saitin taga. In haske ya ɓullo ko da kamar silin gashi, ba a gama ba. Kada ka ce matsi zai rufe. Zai rufe yau, amma ranar da hunturu ya busa, iska ta bushe ƙarau, katako ya tsuke, nan ne zai fara buɗewa. Masu wannan sana'a suna haɗa jita ne a ɗakin da danshinsa ke wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa tsakanin Agusta da Janairu sai ka rantse ba gari ɗaya kake ba.

Bayan gam ya bushe akwai tarkon da ni kaina na faɗa. Na kwantar da fuskar da na haɗa, na tura filen daga ƙasa zuwa sama a ɓarin dama, ɓawo na fita kamar alharini. Na matsa ɓarin hagu, na tura ta wannan fuskar dai, sai na ji ƙarat. Wani ɗan yanki kamar farcen babban yatsa ya ɗago, ya bar rami daidai inda kowa zai gani. Na zauna ina kallon rezar ina tuhumarta, alhali ba ta da laifi. Tunda an buɗe allunan kamar littafi, kwanciyar jijiyar ɓari ɗaya ta saɓa wa ta ɗayan. Inda dama ke son a tura gaba, hagu baya yake so. Maganin: tun kafin ka haɗa, gwada kowane ɓari da ɗan shafa kaɗan, ka zana kibiya da fensir, in ka haɗa kuma ka bi kowane da kibiyarsa. A kan layin tsakiya ka karkatar da filen, ka rage ci sosai. Kuma ka danne allon ta bayanka, ka tura kana nisantar wurin dannewar. In ka tokare shi ta gaba, siririn allo zai yi doro ya karye.

Baya da gefuna nasu labarin daban ne. Ana yawan yabon filen mai kwantacciyar reza, irin lamba 62, har wasu su ɗauka shi ne maganin komai. Lissafinsa: kwanciya digiri 12, a ƙara washin digiri 25, yana cin katako a digiri 37. Filen na gama-gari kuwa a digiri 45 yake ci. A kan sufurus mai miƙaƙƙiyar jijiya, 37 daɗi ne da shi. Amma ɗora shi kan katakon safele, ko mahoganin Afirka wanda ɗan'uwan maɗacinmu ne, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Jijiyar waɗannan a sarƙe take, layi ɗaya ya kalli gabas na kusa da shi ya kalli yamma, duk ta inda ka biyo wani layin zai ɓantare. Irin wannan katako reza mai tsayuwa yake so. In lamba 62 gare ka, ka ajiye reza ta biyu da aka wasa a digiri 38, ta ba ka 50 ke nan. In lamba 5 ne, ba sai ka sayi komai ba: matso da ƙarfen nan da ke kwance a kan reza har ya rage ƙasa da rabin milimita ya kai baki, ka tabbata ya zauna daram ba ya barin ɓawo ya kutsa ƙarƙashinsa. Aikinsa ke nan, ya karya ɓawon kafin ya ɗago jijiya. Yawancin mutane sukan bar shi can baya, su ɗauka murfi ne kawai.

Akwai kuma reza mai haƙora, wadda ba kowa ya san da ita ba. Tana rage kaurin katako mai gardama ba tare da ɓantarewa ba, kuma layukan da take bari suna nuna maka inda ka bi da inda ka tsallake. In ka kusa kaurin da kake so, ka ajiye ta, ka share layukan da farantin nan na kankare katako. A nan ne ake yin kuskuren auna baki kaɗai. Filen ya fi cin gefe da kusurwa, tsakiya kuwa ta tsaya da kaurinta, sai ka wayi gari da allo mai ciki. Zana layukan fensir a fuskar duka kafin kowane zagaye, ka shafe har su ɓace gaba ɗaya, sannan ka auna da ma'aunin da hannunsa ke kaiwa tsakiyar allo. In ya rage rabin milimita ka kai, tsaya ka sake wasa reza kafin ka ƙarasa.