Ashanar tazarar haihuwa: kurakuran da bidiyon waya ke jawowa

A ƙauyukan Ringim, Gumel da Dambatta, mace kan fara jin labarin ashana, wato ɗan tsinken da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse don tazarar haihuwa, a wayar ƙawarta ko ta ƙanin miji, tun ba ta taka asibiti ba. Bidiyon WhatsApp ko TikTok yawanci labarin mace ɗaya ne, ba ta ma faɗi irin da aka sa mata ba. Nan kuskuren farko yake, domin ashana ba iri ɗaya ba ce. Implanon tsinke ɗaya ne, tsawonsa santimita 4, yana aiki shekara 3. Jadelle tsinke biyu ne, shekara 5. Wadda ta ji "shekara biyar" a bidiyo alhali tsinke ɗaya gare ta, tana iya zarce wa'adi ba ta sani ba. A duba katin asibiti, a ga sunan ashanar da ranar cirewa, a adana shi tare da katin rigakafin yara.

Maganar jini ita ta fi tayar da hankali, kuma a nan masu bidiyo suka fi ɓarna. Wai idan al'ada ta ɗauke, jinin yana taruwa ne a ciki har ya zama ƙari. Ba haka ba ne. Sinadarin ashana yana hana ƙwai fita, yana kaurara ruwan bakin mahaifa, sannan shimfiɗar cikin mahaifa ba ta yin kauri, saboda haka babu abin da zai zuba balle ya taru. Wata al'adarta ta ɗauke, wata ta riƙa ganin ɗigo ba kan ƙa'ida ba, musamman a shekarar farko. Ɗigon nan ba ƙaramin damuwa ba ne ga mai son tsarkin salla da azumi, kuma bai kamata a ce mata "ki yi haƙuri" kawai ba. Ma'aikaciyar lafiya na iya ba ta ibuprofen na kwana 5 ko ƙwayoyin tazara na ɗan lokaci don jinin ya lafa. Wanda ya yi yawa ƙwarai, ko ya zo da jiri, a tafi asibiti ranar.

Batun cewa tana yawo ta ɓace a jiki: a ƙarƙashin fatar damtse take, ta ciki, kuma ana jin ta da yatsa. Matsawarta nesa abu ne mai wuyar faruwa, galibi idan an sa ta da zurfi. In an shafa ba a ji ba, a yi amfani da kwaroron roba har a duba. Implanon NXT, wato sabon samfurin Implanon, tana fitowa a hoton asibiti, don haka ana iya gano inda take. Kada a kuskura a bi bidiyon da ke nuna cirewa a gida, ko a kai wa wanzami ko mai kemis. Akwai jijiyoyi a wurin.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya faɗa, kuma shi ya fi jawo ciki ba shiri. Rifampicin na tarin fuka, efavirenz na cutar ƙanjamau, da magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin suna rage ƙarfin ashana. Mai shan su ta faɗa kafin a sa mata. Haka nan idan ba cikin kwana 5 na farkon al'ada aka sa ba, sai an kiyaye saduwa ba kariya na kwana 7 kafin ta kama aiki. Ba ta kuma kare mutum daga cututtukan jima'i.

Mai shayarwa na iya sawa, nono ba ya ƙafewa. Daka, surfe da ɗiban ruwa duk ana komawa bayan 'yan kwanaki, da zarar wurin ya warke. Wadda kuma take son haihuwa ba sai ta jira wa'adi ya cika ba, ta je a cire mata, ciki na iya shiga a watan da aka cire.