Kurakuran da sababbin 'yan majalisar jiha suka fi yi

Na yi shekara takwas ina aiki a ofishin wani ɗan majalisar dokokin jiha, kuma na gaji da ganin sababbin shiga suna afkawa ramukan da muka afka, musamman tun 2018 da aka rage shekarun tsayawa takara daga 30 zuwa 25, matasa suka samu ƙofa.

Kuskuren da ya raba mu da kujera shi ne ƙaurace wa mazaɓa, kuma ni na ba da shawarar. A zango na biyu, mutane sukan cika ƙofar gidan maigidana tun daga sallar asuba, wannan da takardar asibiti, wancan da maganar kuɗin makaranta ko ragon suna, sai na ce ya kwashe iyali zuwa babban birnin jiha, ya kuma canza lambar waya. Hujjata ita ce tsarin mulki ya wajabta wa majalisa zaman aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba da uzuri ba yana iya rasa kujerarsa. Hujjar gaskiya ce, amma fakewa muka yi da guzuma. Mahaifiyar wani shugaban jam'iyya na gunduma ta rasu, muka aika ambulan maimakon mu je mu zauna a tabarmar ta'aziyya. Ranar zaɓen fidda gwani, daliget ɗin da suka karɓi shinkafarmu da azumi su ne suka zaɓi abokin takararmu, kuma ban ga laifinsu ba. Haba Onarabul! Mutumin da ya sha rana a layi dominka, yau shi ne ya zama mai damunka? Abin da nake gaya wa duk wanda ya nemi shawarata shi ne ya riƙa sallar Juma'a a mazaɓarsa, gunduma ɗaya kowane mako, yana riƙe da littafin rubuta buƙatu. Abin da ba zai iya ba ya faɗa ido da ido, domin "ka dawo gobe" ta fi "babu" haifar da gaba.

Na biyu shi ne sakaci da yadda aka samu tikitin takara. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke nasarar dukkan 'yan takarar APC a Zamfara, har da na majalisar jiha, saboda ba a yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. A Filato kuma, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke 'yan majalisa 16 na PDP a 2023 kan yadda jam'iyyar ta tsayar da su takara, kuma ko da Kotun Ƙoli ta mayar da gwamnan jihar, wanda shi ma aka sauke, su ba su da inda za su kai kuka, domin shari'ar zaɓen majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Ni dai tun ranar sayen fom nake sa a ɗauki lauya, a kuma adana kwafin kowace takarda.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Kada ka sauya sheƙa don kawai gwamna ya sauya, domin sashe na 109 na tsarin mulki ya ce kujerar ta tafi sai idan jam'iyyarka ta dare ko ta yi haɗaka. Kada ka yi alkawarin titi, tunda ɓangaren zartaswa ne ke ba da kwangila, naka shi ne ka yi faɗa a sa aikin cikin kasafin kuɗi, sannan ka bi sawunsa a kwamiti. Ka cike fom ɗin bayyana kadarori da gaskiya kafin rantsuwa. Sojojin baka na Facebook kuwa, ban taɓa ganin sun kawo akwati ɗaya ba. Littafin dokokin zaman majalisa kuma ka nemi akawun majalisa ya ba ka shi a makon farko, ka karance shi kafin ka miƙe gabatar da ƙudurinka na farko.