Kurakuran masu shirya zaman tattaunawa kan fasaha, daga bakin wanda ya taɓa ƙonewa

Asabar ɗin da ta wuce wasu ƙannenmu suka gayyace ni zamansu na farko a kan ƙirƙirarriyar basira. Katin gayyata ya ce ƙarfe goma na safe. Har sha biyu saura kwata muna zaune muna fifita da takardar jadawali, ana jiran babban baƙo, an kuma tura wani yaro kasuwa a babur ya nemo kebul ɗin majigi. Ban yi musu dariya ba, don duk abin da suka yi na taɓa yin sa, har da wanda ya fi shi muni. Na dai gaji da ganin ana ta faɗawa rami ɗaya.

Zan fara da wanda har yau idan na tuna shi sai barci ya ƙaurace mini: miƙa makirfo ga mutumin da ba ka san abin da zai faɗa ba.

A lokacin muna haɗuwa sau ɗaya a wata a wani ajin makaranta da muke haya, mu kusan sittin, yawanci ɗalibai da masu gyaran waya da 'yan koyon rubuta manhaja. Kuɗin aji da man janareto daga aljihuna da na abokaina biyu suke fita. Rannan sai ga wani bawan Allah, shadda tana ɗaukar ido, mukullin mota a hannu, ana ce masa Injiniya. Ya ce ya ji labarin ƙoƙarinmu, zai biya hayar wata uku, ya kawo lemo da cincin, shi dai a ba shi minti goma ya yi wa matasa bayanin bulokcen, fasahar da kuɗin intanet na kirifto ke tafiya a kanta. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ko ashirin ne." Ban tambaye shi komai ba. Ko abin da zai haska a majigi ban nemi gani ba, ina jin nauyinsa.

Minti biyar na farko bayani ya yi mai kyau, har ina gyaɗa kai. Daga nan sai akala ta juya. Ya fara haska hotunan asusunsa, yana cewa ka zuba dubu hamsin, wata ya zagayo ka kwashi saba'in da biyar, in ka kawo mutum uku kuma ga naka kason. Minti arba'in ya yi. Ni ne alƙalin zama, ina kujerar da ke dab da shi, na san maganar ta karkace, amma bakina ya yi nauyi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya rubuta lambarsa ta gayyata a allo, yara suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Bayan wata huɗu shafin da yaran suka zuba kuɗi ya rufe, layin Injiniya ya daina shiga. Wani yaro kuɗin rajistar makarantarsa ya zuba. Yayansa ya same ni a shago bayan la'asar. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam, shi fa don ya gan ka zaune kusa da mutumin ne ya yarda." Na rasa ta cewa. Zaman da ya biyo baya mutum goma sha ɗaya suka zo, kuma sai da muka fi shekara kafin ajin ya sake cika.

Abin haushin shi ne ba jahilci ya kai ni ba. MMM ta riga ta yi wa mutane alƙawarin kashi 30 a wata, ta daskarar da asusunsu a Disambar 2016, babu wanda bai ji kukan ba. Kuma har yanzu ba a daddara ba: a Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin jama'a bayan alƙawarin ninka musu shi cikin wata guda, wai ƙirƙirarriyar basira ce ke yi musu cinikin. 'Yan damfarar nan riga kawai suke sauyawa. Babu kuwa inda suke ƙauna kamar taron fasaha, domin sun san mutanen da ke ɗakin sun zo ne da niyyar yarda da abin da ba su gane ba tukuna, ga kuma kai ka riga ka tara musu su kyauta.

Tun daga ranar ba na ba kowa makirfo sai na ga abin da zai haska, kwana uku kafin zama, ko da malamina ne. Ina kuma yi masa tambaya ɗaya ba tare da kunya ba: idan wani a ɗakin nan ya yi rajista da abin da za ka nuna, akwai abin da zai shigo aljihunka? In ya ce e, ko ya fara kewaye-kewaye, shi ke nan, ya zo ya saurara kamar kowa. Wanda ya ɗauki nauyin lemo a gode masa, a rataye tambarinsa a bango, amma kuɗin lemo ba ya sayen allo. Wasu abokaina suna ganin na cika tsauri, har mun taɓa rasa mai biya mana haya saboda haka. Su ba su zauna gaban yayan yaron nan ba.

Kada a fahimce ni baibai, ban ce a hana maganar kirifto ba. A 2024, lokacin da kowane matashi ya duƙufa yana dannan fuskar waya da sunan mainin, wato haƙar kuɗin kirifto, a wasan Hamster Kombat, zama guda muka ware muka tambayi kanmu: kuɗin nan da ake jira, wa zai biya shi, kuma me ya sa? Yana cikin zaman da na fi jin daɗinsu. Da aka fara rabon a watan Satumba mutane da yawa suka ga abin bai taka kara ya karya ba, 'yan ajinmu ba su sha mamaki sosai ba.

Na biyu shi ne cutar manyan baƙi, kuma a nan ne raina yake ɓaci da ku masu shirya taro. Kun kira mutane su koyi yadda ake kare asusun WhatsApp daga masu kutse, sai ku jera uban taro, da babban baƙo na musamman, da mai masaukin baƙi, da shugaban taro, kowa da kujerarsa mai laushi da ruwan roba a gabansa. Me ya kawo su? Ɗaya zai makara da awa biyu, ya turo wakili, wakilin ya karanta jawabi mai shafi huɗu a kan muhimmancin fasaha a ƙarni na 21, a yi hoto, ya ce yana da wani uzuri, ya fita da rabin ɗakin a bayansa. Kafin ainihin mai magana ya buɗe laftof an kira azahar. An yi ba a yi ba ke nan. Wanda ya rufe shagonsa ya biya kuɗin adaidaita sahu ya zo, me ya koma gida da shi? Hoto?

Na san dalilinku, kuna neman a san da ku, wataƙila a samu tallafi. To ku bi babban mutum ofishinsa da rahoton abin da kuka yi. In kuwa lalle sai ya zo, ku sa shi a ƙarshe, ya raba satifiket ya rufe taro. Ni ƙarfe goma na yi nake buɗewa da addu'a, ko mutum biyar ne a ɗakin. Sau biyu kawai za ka yi haka, a karo na uku da kansu za su zo da wuri. Kuma ku riƙa duba kalanda kafin ku buga kati: a Kano Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ce, ba a zirga-zirga da safe, ga ɗaure-ɗauren aure da ke cinye hantsin ƙarshen mako. Jadawalin ma a gina shi a kan salla. Wanda aka katse masa bayani da kiran salla, in an dawo ba ya samun rabin hankalin ɗakin.

Sai lokacin masu magana. Kowa gani yake nasa batun ba zai ƙaru a ƙasa da awa ɗaya ba, alhali TED, ƙungiyar nan mai shirya laccoci a duniya, da duk girman sunanta, minti 18 take ba mutum. Akwai ma wani salo da aka faro a Tokiyo a 2003, PechaKucha: hoto 20, kowanne daƙiƙa 20, a minti shida da daƙiƙa arba'in ka gama, hoton kuma ba ya jiran ka. Ni minti goma sha biyar nake bayarwa. Ina da kwali biyu da na rubuta da maka, ɗaya "saura biyar", ɗaya "ya isa". In na ɗaga na biyun mutum ya yi kamar bai gani ba, sai in miƙe in je in tsaya kusa da shi ina murmushi. Ban taɓa ganin wanda ya ƙara minti biyu a haka ba.

Lokacin tambayoyi kuwa kada ka saki makirfo daga hannunka. Kai ka riƙe, ka kara wa mai tambaya a baki. Da zarar ka ji "ni tawa ba tambaya ba ce, ɗan ƙarin haske ne", ka san sabuwar lacca ce za ta tashi. Sai ka ce, "Malam, a taƙaice don Allah, ga mutum shida a bayanka." Idan dattijo ne ka ƙara da "Baba, a yi mana afuwa", amma hannunka na kan makirfo. Haka masu gardamar Android da iPhone, ko wane yaren manhaja ya fi wani: minti uku, sannan su ƙarasa a wajen mai shayi.

Akwai kuma shirun da ba a lura da shi. Mata za su zo, su zauna a baya, a tashi babu wadda ta ce uffan, kai kuma ka ɗauka ba su da tambaya. Suna da ita. Ina raba ƙananan takardu tun farko kowa ya rubuta tasa ba suna, kuma tambayar farko daga ɓangarensu nake ɗauka. A kuma tashi da sauran rana, kada wata ta isa gida bayan magariba a hana ta zuwa na gaba.

Harshe: idan mai magana ya yi minti biyar yana zuba Turanci ɗakin ya yi tsit, kada ka ɗauka gamsuwa ce. Dakatar da shi, ka ce wani ya maimaita da Hausa. Ingausa ba laifi ba ce, muddin mai gyaran wayar da ke layin baya ya gane.

Takardar halarta da ake zagayawa da ita, kowa ya rubuta suna da lamba, kada a bar ta a kan tebur kowa ya ɗauki hotonta, kada kuma a ba mai talla. Amana ce, kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane.

Kada ka dogara da netwok ɗin ɗakin taro. Duk abin da za a gwada kai tsaye a naɗe shi a bidiyo tun a gida, jawabin kuma a ajiye shi a PDF cikin filas. Man janareto a saya tun jajibere, a lissafa shi da farashin yau, don tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 shi ne ke cinye rabin kasafin ƙaramin zama irin namu. Kada a yi alƙawarin kuɗin mota ko sau ɗaya, in ba haka ba wata mai zuwa ɗakin zai cika da waɗanda ambulan suka zo karɓa.

Majigi kuma a je a gwada shi ana gobe taro, da ainihin laftof ɗin da za a yi aiki da shi. Tsofaffin majigin makarantu da yawa kebul mai bakin VGA suke karɓa, sababbin laftof kuwa HDMI ne, wasu ma USB-C kaɗai gare su. Mahaɗan da ke juya HDMI da USB-C zuwa VGA ba sa fita daga jakata, tare da doguwar wayar soket. Ranar Asabar ɗin nan dai na bar jakar a gida, don a matsayin baƙo na je. Yaron da aka tura kasuwa ya dawo sha biyu da rabi yana haɗa gumi, da sabon kebul ɗin HDMI a leda. Aka juya bayan majigin, sai ga rami mai shuɗi, na VGA.